Tarihin kuki, ɗan tikitin da zaurukan intanet ke miƙa mana

Wata ranar Lahadi ɗiyata, wadda ke aji na biyu a kolej, ta ari salulata za ta nemi bayani a kan kogin Isa, aikin gida ne da mushensu na labarin ƙasa ya ba su. Ina zaune kusa da ita ina gyaran takardun ƴan ajina. Shafin na buɗewa sai ga ɗan akwatin nan ya rufe rabin fuskar waya, da dogon Faransanci da maɓallai a ƙasa. Kafin in ƙifta ido ta danna "Tout accepter". Na ce, "Ke, me kika yarda da shi?" Ta ce, "Baba, in ba a danna ba ai ba ya barin mutum ya karanta." Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tuna ni ma haka nake yi sau goma a wuni, kuma a wurina ta gani.

Abin da akwatin ke neman izininmu a kansa sunansa kuki. Da Turancin Amurka kalmar na nufin biskit, amma babu abin ci a ciki. Yana da tarihi na sama da shekara talatin, kuma na ga ya dace mu malamai da iyaye mu san shi, tunda yanzu duba sakamakon jarrabawa, da neman gurbin karatu, da darussa da dama, ta irin waɗannan shafuka ake bi, kuma mu ne muke tura yara can.

Ni haɗuwata ta farko da kuki ban ma san sunansa ba. Wajen 2004 ne, ina makarantar horon malamai. Ranar Asabar mukan haɗa kuɗi mu je siber, awa guda dala ɗari, mu biyu ko uku a kan kwamfuta ɗaya, ana jiran shafi ya buɗe kamar manomi na jiran ruwan shuka. A lokacin kusan duk wanda na sani adireshinsa na yahoo.fr ne. Wata rana na zauna a kujerar da wani dattijo ya tashi, na rubuta adireshin Yahoo, sai akwatin wasiƙunsa ya buɗe mini gaba ɗaya, ba a tambaye ni kalmar sirri ba. Lokacinsa ne ya ƙare, ya rufe tagar da ke gabansa ya tafi, bai danna maɓallin fita ba, ga kuma wata taga a buɗe a ƙasa. Kafin in kawar da kai idona ya riga ya kama layin farko: ɗansa ne daga ƙasar waje, maganar bashi da kuɗin asibiti. Abokina ya ce mu karanta. Na ƙi, kuma ba zan ce don na fi shi kirki ba ne, tsoro na ji kada mutumin ya dawo ya tarar da mu. Shi dai ya tafi gida yana zaton ya kulle ɗakinsa, alhali ya bar makulli a jikin ƙofa.

Don a gane yadda haka ta faru sai an koma farkon yanar gizo. Lokacin da Tim Berners-Lee ya tsara ta a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janeba, tsakanin 1989 da 1991, burinsa masana su riƙa musayar takardu. Ka nemi takarda, babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin, wadda ake kira uwar garke, ta miƙo maka, shi ke nan ta manta da kai. Ka nemi ta biyu, a wurinta kai baƙo ne sabo fil. Ga masu karatu wannan ba matsala. Ga ɗan kasuwa kuwa babbar matsala ce, domin in ka zaɓi littafi a shafi na ɗaya, ka wuce na biyu don ka ƙara alƙalami, kanti ya manta da littafin, ya manta da kai.

A watan Yunin 1994 wani saurayi mai suna Lou Montulli, ɗan shekara ashirin da ƴan kai, yana aiki a kamfanin da daga baya ya zama Netscape a Kalifoniya. Kamfanin ne ke ƙera burauza, wato manhajar da ake shiga shafuka da ita, kakar su Chrome da Firefox na yau. Kamfanin sadarwa na MCI ya ba su aikin shirya kantin intanet, ana son kwandon saye ya riƙa tuna abin da aka zuba a ciki. Montulli ya kawo dabara: uwar garke ta ba burauzar ɗan guntun rubutu ta ajiye, duk lokacin da mutum ya sake neman wani abu a wannan shafi, burauzar ta nuna guntun. Sunan ma aro ya yi daga masu rubuta manhaja na da, waɗanda ke kiran irin wannan guntun bayani "kukin tsafi". A ranar 13 ga Oktoban 1994 burauzar Netscape ta fito da shi a ciki, shekara guda bayan haka Internet Explorer ta Microsoft ta bi sahu.

Duk wanda ya taɓa ajiye babur a bakin kasuwa ya san kuki. Mai gadi ya rubuta lamba da alli a kan sirdi, ya miƙa maka ɗan kwali mai wannan lamba. Bai san sunanka ba, bai damu ya sani ba. Ka dawo, ka nuna kwali, ka ɗauki babur. Galibin kukis haka suke: lamba ce kawai, duka rubutun bai wuce haruffa dubu huɗu ba, kuma ba ya iya buɗe hotunanka ko ya saka wa waya cuta. Bayanin gaske yana cikin littafin mai gadi, a can uwar garke, inda aka rubuta cewa lamba kaza ita ce wane, ya shigo ƙarfe kaza, ya duba kaza. Dattijon nan na siber kwalinsa ya bari a kan tebur, ni kuma na ɗauka ban sani ba, mai gadi ya miƙo mini babur.

Akwai abin da ya kamata a faɗa don a yi wa Montulli adalci. A lokacin an kawo wata shawara mafi sauƙi: a ba kowace burauza lamba guda ta dindindin da za ta riƙa nunawa a ko'ina. Ya ƙi, kuma ya bayyana daga baya cewa dalilinsa shi ne da irin wannan lamba za a iya bin sawun mutum a duk shafin da ya shiga. Shi ya sa ya sa ƙa'ida: shafin da ya ba da kuki shi kaɗai ke iya karanta shi. Kwalin kasuwa ba ya aiki a bakin asibiti. Wato an ƙirƙiri kuki ne da nufin kare sirri, kuma wannan shi ne abin da ya fi ba ni mamaki a duk tarihin.

Sai dai katangar na da ɓaraka. Shafin da kake gani kamar tabarma ɗaya ne, amma kabarta daga wurare dabam-dabam aka yanko. Rubutun daga mai shafin yake zuwa, hoton tallan da ke sama kuwa daga uwar garken wani kamfani can dabam, kuma shi ma wannan kamfani, tunda burauzarka ta je ta karɓo hoto a wurinsa, yana da ikon miƙa mata nasa kwalin. To a ce kamfanin talla guda ne ke da hoto a shafuka dubu. Ka shiga na labarai, ya ga lambarka. Ka shiga na magunguna, ya ga lambar nan dai. Ka shiga na neman aiki, ko na wata jam'iyya, haka. Kamar a ce mutum ɗaya ne ya karɓi gadin babura a kasuwa da asibiti da kotu da gidan boka, ya ba ka kwali ɗaya na ko'ina, yana kuma rubuta kowace tsayawa taka a littafi. Ba a karya ƙa'idar Montulli ba, zagaye ta aka yi. Wannan shi ake kira kukin ɓangare na uku, kuma kamfanin DoubleClick na birnin New York, wanda ya soma harka a tsakiyar shekarun 1990, a kansa ya gina arzikinsa.

Duk wannan na faruwa jama'a ba su da labari, domin burauzar ba ta tambayar kowa, karɓa kawai take. Sai ranar 12 ga Fabrairun 1996 jaridar Financial Times ta Ingila ta buga labarin, hankali ya tashi, hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta yi zama a kan batun a 1996 da 1997.

A nan ne, a ganina, aka yi mararrabar hanya, kuma ba a cika ba da labarinta ba. Injiniyoyin da ke tsara ƙa'idojin intanet sun kafa kwamiti, cikinsa har da Montulli da David Kristol na Bell Labs. Tun a 1996 suka gane haɗarin kukin ɓangare na uku. A takardar ƙa'idar da suka fitar a Fabrairun 1997, mai lamba RFC 2109, suka ce a toshe shi tun daga masana'anta, wanda ke so ya buɗe da hannunsa. Masu talla suka yi ca. Netscape da Microsoft, waɗanda a lokacin ke kokawar mallakar kasuwa, suka yi kunnen uwar shegu da wannan sashe, suka bar ƙofar a buɗe, wanda ba ya so ya nemi inda ake rufewa. Montulli ya faɗi hujjarsa daga baya: in aka toshe, masu talla za su nemo wata hanya ta ɓoye, gara kuki da ake iya gani a kuma goge. Hujjar ba ta banza ba ce, kuma lokaci ya nuna akwai gaskiya a ciki. Amma ni malami ne, na san abin da ke faruwa in ka ce wa aji "wanda ba ya so ya ɗaga hannu". Ba mai ɗagawa. Mutum nawa ne a siber ɗinmu suka taɓa buɗe saitin burauza? Yadda aka saita abu kafin ya iso hannunka, haka yake zama a wurin kusan kowa, kuma wancan saitin na 1997 ya yi sama da shekara ashirin yana mulki.

Waɗanda suka fi cin moriyar kuki a wancan zamani su ne manyan shafukan da ake kira portail da Faransanci. Ni na fi son in ce zaure, domin aikinsu ke nan: ta nan ake shiga gida, a nan ake tarar da labari, da wasiƙa, da hira, da mai talla. Yahoo, wanda Jerry Yang da David Filo suka fara a 1994 suna ɗalibai a jami'ar Stanford, da farko jerin adireshin shafuka ne kawai. A 1996 ya fito da My Yahoo, inda kowa ke shirya zaurensa yadda yake so, a 1997 ya ƙara akwatin wasiƙa kyauta. Su Excite da Lycos da MSN duk suka bi wannan hanya. Zaure ba ya yiwuwa sai da kuki. Da shi ne yake gane cewa wanda ya ba da kalmar sirri minti biyar da suka wuce shi ne yanzu ke neman buɗe wasiƙa, in ba haka ba da sai ka sake rubuta ta a kowane dannawa. Da shi yake tuna cewa Faransanci kake so, kuma sakamakon ƙwallon ƙafa kake fara dubawa. Waɗannan ba wanda zai yi ƙorafi a kansu. Na ukun shi ne na talla, kuma shi ne ke biyan kuɗin sauran. Mu a siber muna murna an ba mu adireshi kyauta, ba mu taɓa tambayar wa ke biyan wutar uwar garken ba.

Masu talla sun daɗe suna kare kansu da cewa lamba kawai suke gani, ba su san suna ba. A 1999 DoubleClick ya sayi Abacus Direct, kamfanin da ke riƙe da sunaye da adireshi da tarihin sayayyar miliyoyin gidaje a Amurka, a kan dalar Amurka miliyar 1.7. Da aka gane a farkon 2000 cewa nufinsa ya haɗa lambar da sunan, sai ƙasar ta ɗauka, FTC ta buɗe bincike, aka shigar da ƙararraki. A watan Maris shugaban kamfanin, Kevin O'Connor, ya amsa cewa ya yi kuskure, ya janye. An yi zaton magana ta mutu. A 2007 Google ya sanar da sayen DoubleClick a kan dala miliyar 3.1, ya yi shekaru yana ajiye bayanan biyu a rarrabe, sai a 2016 ya sauya ƙa'idarsa ta yadda za a iya haɗa yawon mutum a shafuka da asusunsa mai ɗauke da sunansa. Abin da ya ta da ƙura a 2000 ya wuce a 2016 kusan ba tare da wani ya yi tari ba. Ku tuna kuma galibin wayoyin da ke hannunmu ba sa aiki sosai sai an buɗe asusun Google.

Wannan fuska ɗaya ke nan, ta leƙen asiri. Ɗaya fuskar ita ce wadda na gani da idona: kuki makulli ne, wanda ya riƙe shi ya zama kai. A farkon shekarun 2000 an samu manhajoji na kyauta da kowace ƙungiya ko makaranta za ta iya kafa ƙaramin zaurenta da su. Ɗaya daga cikin fitattu ita ce PHP-Nuke, wadda ta fito a 2000. Tsofaffin nau'o'inta sukan saka sunan mai shiga da murɗaɗɗiyar kalmar sirrinsa cikin kukin kansa, a lulluɓe da wani salo da kowane ɗan koyo ke iya warwarewa. Kamar mai gadi ya rubuta maka kwatancen gidanka a bayan kwali. Manhajojin da suka biyo baya sun koyi darasi, suka koma ba da lamba tsura wadda ke mutuwa in an fita ko an daɗe ba a taɓa komai ba.

Ko lamba tsura ma ana sacewa. A Oktoban 2010 wani mai rubuta manhaja, Eric Butler, ya saki wani ɗan kayan aiki mai suna Firesheep don ya kunyata manyan kamfanoni. Ka zauna a wurin da ake raba wifi a buɗe, sai ya jero maka hotunan mutanen da ke kusa da kai masu amfani da Facebook ko Twitter, ka danna hoto ka shiga asusun mutum. Dalili shi ne shafukan na ɓoye kalmar sirri a lokacin shiga, amma kukin da ke biyo baya tsirara yake yawo a iska. Cikin ƴan watanni kamfanonin suka soma rufe dukkan hanyar, kuma wannan na cikin abin da ya yaɗa https da muke gani yau a farkon adireshi.

Yahoo ɗinmu kuwa abin da ya same shi ya fi haka muni. Ɓarayi sun shiga cikin gidan suka sace sirrin yadda ake buga kukin, wato suka samu allin da kwalayen mai gadi, suka riƙa ƙera nasu. Kamfanin ya amsa a 2017 cewa da jabun kukis an shiga asusu kimanin miliyan 32 a 2015 da 2016 ba tare da kalmar sirri ba. A watan Maris na wannan shekara Amurka ta tuhumi mutum huɗu, biyu daga cikinsu jami'an hukumar tsaron Rasha ta FSB. A Oktoba kuma kamfanin ya ce wata satar bayanai ta 2013 ta shafi dukkan asusunsa, miliyar uku. Dukka ke nan, har da nawa, har da na dattijon nan in bai rufe ba. Gwamnatoci ma ba a bar su a baya ba: takardun da Edward Snowden ya fallasa a 2013 sun nuna hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA na amfani da wani kukin Google don ta tsinto kwamfutar wanda take nema cikin taro.

Akwatin da ɗiyata ta danna daga Turai ya zo. Tarayyar Turai ta yi doka a 2002, ta gyara ta a 2009 ta ce kada a ajiye kuki a na'urar mutum sai da yardarsa, in ban da wanda aikin ba ya yiwuwa sai da shi, irin na shiga asusu. Babbar dokar kare bayanai ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, a 2019 kuma kotun Tarayyar ta ce akwatin da aka riga aka sa wa alama ba yarda ba ne. Kamfanoni suka bi dokar yadda ɗan lakwal ke bin umarnin share aji, a tura shara ƙarƙashin tebur: maɓallin yarda babba mai launi, na ƙi kuwa a binne bayan shafi uku. A Janairun 2022 hukumar CNIL ta Faransa ta sanar da tarar Yuro miliyan 150 a kan Google da miliyan 60 a kan Facebook saboda wannan dabara kaɗai. Ta Google ta kai kusan sefa miliyar 98. Bayan haka ne "Tout refuser" ya fara fitowa fili. A Janairun 2024 aka sanar da ta Yahoo, Yuro miliyan 10, domin an tarar yana ajiye kukin talla wajen ashirin ba da izini ba, kuma mai son janye yardarsa ana tsorata shi da rasa akwatin wasiƙarsa. Tunda shafukan da yaranmu ke karantawa yawanci na Faransanci ne, muna cin inuwar wannan doka ba don mu aka dasa ta ba. A shafin da bai damu da Turai ba sau da yawa ba a ma tambaya, kuma rashin akwatin ba ya nufin babu kuki.

Batun yara shi ya fi tsaya mini a rai. Amurka na da doka tun 1998 da ta hana tara bayanan yaro ɗan ƙasa da shekara 13 ba da izinin iyaye ba, daga 2013 kuma aka sa lambar kuki cikin abin da ake nufi da bayanai. Da ita aka ci Google da YouTube tarar dala miliyan 170 a Satumban 2019, saboda bin sawun masu kallon tashoshin yara don a yi musu talla. Sai zamanin korona, aka rufe makarantu, gwamnatoci suka tura yara intanet. A Mayun 2022 ƙungiyar Human Rights Watch ta binciki manhajoji da shafukan karatu sama da 160 da gwamnatoci 49 suka amince da su, ta ce kashi 89 cikin ɗari na iya sa ido a kan yara ko suna yi, da yawa kuma suna tura bayanan ga kamfanonin talla. Waɗannan yara ba su zaɓi komai ba. Malami ya ce a shiga, suka shiga.

Ba dole ne zauren karatu ya zama haka ba. Moodle, manhajar da Martin Dougiamas ɗan Ostireliya ya fitar a 2002, wadda jami'o'i da yawa ke koyarwa da ita, a asalinta kuki biyu take amfani da su: ɗaya na riƙe ka a ciki har ka fita, ɗaya na tuna sunan shigarka in ka so. Ɓarnar takan shigo ne daga abin da mai shafin ya ƙara da hannunsa: bidiyon YouTube da aka manna, maɓallin Facebook, na'urar ƙirga maziyarta ta kyauta. Kowanne baƙo ne da ke shigowa da nasa kwalin. Shi ya sa in an kawo mana sabon shafi a taron malamai, tambayata ta farko yanzu ita ce su wa ke ciki ban da mu. Har an fara yi mini dariya a kan haka.

Abin da aka ƙi yi a 1997 an zo an yi shi a makare. Firefox ta fara toshe kukin masu bin sawu kai tsaye a 2019, Safari ta Apple ta toshe na ɓangare na uku gaba ɗaya a 2020. Google ya yi alkawari a Janairun 2020 cewa Chrome za ta bi cikin shekara biyu, ya ɗaga, ya sake ɗagawa, a Yulin 2024 ya ce ya fasa. Mai burauzar da ta fi kowace yawa shi ne kuma babban mai sayar da talla, ba a ba kura ajiyar nama. Sannan hasashen Montulli ya tabbata: manhajojin da muke saukewa a waya ba su dogara da kuki ba, suna da lambar talla ta wayar kanta, ana kuma iya gane na'ura ta siffofinta. Wanda ya goge kukis ya rage, bai ɓace ba.

A nan Nijar muna da dokar kare bayanan mutum tun 2017, aka kuma kafa hukumar HAPDP don ta kula da ita, kuma makarantar da ke tara sunayen yara da lambobin iyaye ta shiga cikin masu alhaki. Amma haɗarin da na fi gani kullum shi ne wancan na 2004, bai tsufa ba. Ɗalibi ya je siber ya cike takardar neman gurbi, da ranar haihuwa da lambar waya, lokaci ya ƙare ya tashi. Kwamfuta ɗaya a ofishin direkta, malamai goma na shiga, kowa ya sa alama a "Se souvenir de moi". Waya ɗaya a gida, uba da uwa da yara. Abin da nake gaya wa ƴan ajina bai wuce wannan ba: a na'urar da ba taka ba, kada ka bari ta tuna da kai, ka buɗe tagar sirri in akwai, in ka gama ka danna "Déconnexion" kafin ka rufe, domin shi ne ke sa mai gadi ya goge lambar a littafinsa, kwalin ya zama banza ko wa ya tsince shi.

Daren wannan Lahadin muka zauna da ɗiyata muka buɗe saitin burauzar wayata. Jerin shafukan da suka ajiye mini kwali ya yi ta tafiya ƙasa, yawancinsu sunaye ne da ban taɓa ji ba, balle in ce na shiga. Na goge duka cikin fushi, sai ga shi kowane asusu na neman kalmar sirri, ta Yahoo kuwa na manta ta tun tuni, sai da aka turo mini lamba ta saƙo. Yarinya ta yi ta dariya. Da muka koma shafin kogin Isa akwatin ya sake fitowa, tunda shi ma da kuki yake tuna amsar da aka ba shi. Na ce ta duba da kyau. Akwai jaridun Faransa da ke cewa ko ka yarda ko ka biya, amma wannan ba ya cikinsu: a can saman kusurwa, da ƙananan haruffa masu launin toka, an rubuta "Continuer sans accepter". Ta danna, shafin ya buɗe, ta jawo kayenta ta ci gaba da kwafar sunayen ƙasashen da kogin ya ratsa.